Marin da Ke Ƙafar Zainab

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, wani asibiti a Katsina ya ɗebi matasa don koya musu kula da masu taɓin hankali. Cikinsu har da Safara'u, ɗiyar Mati Maƙeri na Ƙofar Sauri.

Mai koyar da su Sista Naomi ce, mutuniyar Kagoro, wadda ta tsufa a aikin. Ta koya musu lura da barcin marar lafiya da cin abincinsa, da tabbatar da ya haɗiye magani, da tsayawa inda zai gan ka kafin ka taɓa shi.

Ana dab da gama horon, wata Talata da hantsi, aka kawo wata mata daga ƙauye a bayan akori-kura. Sunanta Zainab. Tun da ta haihu ɗan ya koma hankalinta ya gushe, yayyenta suka sa mata marin ƙarfe a ƙafa don tsoron kada ta faɗa rijiya. Marin ya yi tsatsa, ya ci naman idon sawunta, makullin kuma ya daɗe da ɓata. Likita ya ce ba a iya wanke gyambon sai an cire ƙarfen. Safara'u ta ce mahaifinta zai iya, aka aika aka kira shi.

Mati ya iso da jakar kayan aikinsa. Zainab na ganin guduma ta ƙwalla ƙara, ta ja jiki zuwa kusurwar ɗaki, ta jefe shi da kwanon sha. Yayyenta biyu suka naɗe hannun riga za su danne ta. Sista Naomi ta tare su, ta juya ga Safara'u.

"Taki ce," ta ce.

Safara'u ta roƙi mazan su jira a waje, ta zauna a ƙasa nesa kaɗan da matar. Ta gaishe ta, ta yi mata ta'aziyyar ɗanta, ta tambayi sunan da aka raɗa masa. Da daɗewa Zainab ta ce Lawal.

"Yaya Zainab, wancan babana ne," in ji Safara'u. "Ƙarfen nan zai cire miki. Duk lokacin da kika ce a tsaya, za a tsaya."

Ta matsa a hankali, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta cusa auduga tsakanin ƙarfe da fata. Mati ya mayar da gudumar jaka, ya ɗauko magagari, ya durƙusa ya fara goga. Ba a jima ba Zainab ta fara rawar jiki.

"Baba, tsaya."

Mati bai taɓa barin aiki da umarnin ɗan da ya haifa ba, amma ya ɗauke hannu. Yana durƙushe yana kallon ɗiyarsa tana ba matar ruwa, tana ce mata ta ja numfashi, har sai da matar da kanta ta sake miƙo ƙafar. Haka aka yi ta yi, a goga a tsaya, har aka kira azahar kafin ƙarfen ya rabu. Zainab ta daɗe tana shafa wurin, sannan ta yarda aka wanke ciwon.

Da zai tafi, Sista Naomi ta raka shi bakin ƙofa, ta ce masa yarinyar nan ta iya aiki. Mati ya ce Alhamdu lillahi.

Zainab ta yi damina guda a asibitin, ta koma gida da ƙafarta. Kafin nan an ɗauki Safara'u aiki a sashen mata. Ranar da za ta fara, Mati ya rufe maƙera, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce shi zai raka ta. Bai bi gajeriyar hanya ba. Ta cikin unguwa suka ratsa, ita da fararen kayanta, shi yana tsayawa a kowane zaure yana gaisawa, har sai da ta ce masa za ta makara.