Haladu Ba Ya Tashi Sai An Gama Wasa

Ni Zinariya, shekara talatin na yi ina waƙa a kasuwanni, kuma wallahi ban taɓa ganin mayen wasa irin Haladu ba. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Gagarawa, manomi, dogo siriri, ƙafarsa duk faso saboda bin mu.

Mu uku ne a lokacin, shekara biyu bayan yunwar Kakalaba, sa'ad da mutane suka fara samun bakin dariya: ni mai ba da waƙa, Ubale mai kwaikwayo, sai Barau mai kalangu. Namu ba irin na sauran maroƙa ba ne. Zana muke kafawa a gefen kasuwa, Ubale ya shiga bayanta ya fito malami mai son tuwo, ya koma ya fito falke da jakinsa mai taurin kai, ya koma ya fito tsohuwa mai neman akuyarta. Duk maganar da za a yi da waƙa ake yin ta, Barau na biye da kiɗa, jama'a na amshi. Daga Gumel mu yi Maigatari, daga can mu gangaro Sule Tankarkar da Ɗanzomo, mu zaga Gagarawa, mu sake komawa.

To, duk inda muka kafa zanar nan, kafin Barau ya gama ɗaure tsarkiyar kalangunsa za ka ga Haladu ya tsuguna a gaba, gwiwa na rawa. Ba ya da abin ba mu, mu ma ba mu taɓa sa rai ba. Amma fa ya fi ni sanin waƙoƙina. Ana tashi zai biyo ni yana haki.

"Iya Zinariya, bara a Ɗanzomo ba haka kika ce ba. A bakin rijiya jakin ya kwanta. Yau kin kwantar da shi a bakin masallaci."

"Jakinka ne?"

"A'a, amma na bakin rijiyar ya fi daɗi."

Abin haushi, gaskiyarsa ce, ya fi daɗin. Kuma wani hali gare shi: ba ya tashi sai an gama. Ruwa ya taɓa tsinkewa a kanmu a Sule Tankarkar, kowa ya watse, shi kaɗai ya zauna cikin taɓo yana jiran a ga akuyar tsohuwa. Dole muka ƙarasa masa, Barau na zaginsa, fatar kalangu ta jiƙe. Ban ɓoye muku ba, ina jin daɗin haka. Wace zabiya ce ba ta son mai kallo irin wannan? Ban taɓa tambayar wa ya bari a gida ba.

Sai wata ranar kasuwar Maigatari, da hantsi, ina zaune bayan zana ina shan fura, wata mace ta yi sallama. Yarinya ce matashiya, goye da 'yarta, ƙunshin kaya a ka, ta ɗora ƙoryoyi biyu a kai. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Iya, ni ce Asama'u, matar wanda yake bin ku."

Na ajiye furar. Na ce ta zauna. Ta ce tsugunen ya ishe ta, ba daɗewa za ta yi ba.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damuna ke nan. A hankali ta jero laifuffukan Haladu. Jinkar ɗakinta ya haɗa ta, ya tara maƙwabta za a ɗaga, ya ji an ce muna Gumel, ya bar ta a ƙasa. Damina biyu ke nan, gara ta cinye rabi. Ranar da ta haihu yana Sule Tankarkar. Ranar suna ya iso bayan an raba nama. Da ƙyanda ta kusa tafiya da yarinyar nan, Sabuwa, yana Ɗanzomo. Noman bana ita ta yi shi da goyo a baya.

"Ba ya duka, Iya, ba ya zagi, ba ya kula wata mace. Da yana yi ma da na san abin da zan faɗa wa alƙali. Na yi magana har bakina ya gaji. Iyayensa sun yi, liman ya yi. Kunnensa ba ya buɗewa sai an buga kalangu. Shi ya sa na zo wurinki."

"Me kike so in yi miki, 'yata?"

"Ki faɗa masa da waƙa. Ku yi wasan gidanmu yau, yana zaune."

Ta ce yayanta Ilu yana cikin ayarin kanwa da zai koma Damagaram, garinsu yana can ƙetaren iyakar da Nasara suka shata. Sun sauka a rijiyar da ke arewa da kasuwa, ana sallar la'asar za su ɗaga. Can za ta zauna.

"In ya tashi da kansa kafin ku gama, ki nuna masa rijiyar, in bi shi gida ko a ɗaki marar jinka ne. In ya zauna har ƙarshe, shi ke nan, na bi yayana. Amma ki rantse ba za ki ce masa ina nan ba. In kirawo shi aka yi, ba shi ya zo ba."

Na rantse. Kaicona, da sauri ma na rantse, don na ɗauka abin mai sauƙi ne. Wane namiji ne zai ga matarsa na ɗaure kaya a gaban kasuwa ya ci gaba da zama?

Ubale da ya ji, cewa ya yi, "Zinariya, kin ɗauko mana dala ba gammo. Mutumin nan hali zanen dutse." Na ce ya rufe mini baki ya nemo tsohuwar riga. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya shafa toka a dugadugansa. Ni kuma na ɗaura ƙwarya a baya a matsayin goyo. Ba mu da lokacin gwaji, a tsaye na haɗa baitocin.

Bayan azahar muka buɗe. Ga Haladu a gaba, gwiwa na rawa. Ubale ya fito da dogon taku, wuya a miƙe, kunne a karkace kamar mai jiyo kiɗa daga nesa. Ya kama jinka zai ɗaga, Barau ya ɗan taɓa kalangu, ya saki jinkar a kan ƙafar maƙwabci ya ruga. Kasuwa ta kwashe da dariya. Na sa ido a kan Haladu. Sai na ga ya buɗe baki, ya dafa ƙirji, ya juya yana zungurin na kusa da shi.

"Ni ne! Wallahi ni ne! Jama'a, ni aka sa a wasa!"

Murna yake yi. Murna! Har da ɗaga murya yana gyara wa Ubale: "Ba da dama nake fara taku ba, da hagu ne!" Ubale ya kalle ni, na kalle shi. Na ce a raina bari dai in fito, in ya ji muryar matarsa zai shiga hankalinsa. Na fito da ƙwaryata a baya na ɗauka:

"Jinka na ƙasa gara na ci,
Mai ɗakin ya tafi kallo.
Ruwa na zuba a kan goyona,
Mai ɗakin ya tafi kallo."

Jama'a suka cafe amshin nan take, "Ya tafi kallo!" Wa ya fi kowa ƙarfin murya? Haladu. Yana tafi yana kaɗa kai.

Na shiga baitin haihuwa. Na shiga na ƙyanda, na sassauta murya, Barau ya rage hannu. Dariya ta ɗauke. Mata masu tallan nono suka sauke ƙoryoyinsu. Wata tsohuwa tana cewa, "Allah ya isa, Allah ya isa." Na duba, hawaye na bin fuskar Haladu shaɓe-shaɓe, yana sharewa da hannun riga. Na ce alhamdu lillahi, ta shiga. Yanzu zai miƙe.

Bai miƙe ba. Gyara tsugune ya yi.

Inuwar zana ta fara tsawo. Ina waƙa ina satar kallonta, ta wuce ƙafar Barau, ta kama tabarmar mai goro. Daga arewa ina jiyo kukan jakai, ana ɗora musu kaya. Zufa ta jiƙe mini zane. Na tsuguna a tsakiyar fili na fara ɗaure ƙunshi a gabansa, taku uku tsakaninmu, na zuba masa ido:

"Na ɗaure kayana na kai bakin rijiya,
Jakai sun sha, rana ta karkata.
Mai so na ya taso yanzu,
In an yi la'asar ba ni nan."

Allah ya yafe mini, wannan da karya rantsuwa bambancinsu kaɗan ne. Ban damu ba. Sau uku na maimaita baitin, abin da ban taɓa yi ba. Na ukun ma ba waƙa ba ce, tsawa ce.

Sai ga Haladu ya yunƙura ya miƙe tsaye.

Daɗi ya kama ni, har na ɗaga hannu zan nuna masa arewa. Ashe wani Buzu ne mai ƙaton rawani ya gitta ya tare masa gani. Ya zagaye shi, ya dawo gefen dama, ya sake tsugunawa, ya ma fi da kusa.

Kai, ranar na so in jefar da waƙa in shaƙe mutum. Ubale ya bar abin da muka shirya, ya zo ya tsaya a kansa, ya waƙe masa a fuska cewa mai kallo gidansa na cin wuta, ya tashi, ya tashi. Haladu ya yi dariya cikin hawaye ya amsa masa, "Ya tafi kallo!" Ya ɗauka cikin wasan ne. Komai a wurinsa cikin wasa ne.

Wasan ya kai inda ya kamata ya ƙare, na ƙi ƙarewa. Na ƙirƙiro baiti, na sake ƙirƙiro wani, na dawo da na jinka, na dawo da na suna. Murya ta fara dushewa. Barau yana hararata, yatsunsa sun yi jawur. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, mai goro ya naɗe tabarmarsa. Ladan ya kira la'asar, ban tsaya ba, ni da ban taɓa waƙa a kan kiran salla ba. Barau ya ajiye kalangu, na ci gaba ba kiɗa. Ta tsakanin rumfuna ina hango hanyar arewa. Can na ga jakin farko ya fita, na biyu, na uku. A kan wani na ga mace da goyo, ƙoryoyi biyu a gabanta. Sau ɗaya ta waiwayo.

Na yi shiru a tsakiyar baiti.

Saura mutum huɗu ko biyar a filin. Haladu ya jira kaɗan, ya ga ba zan ɗora ba, ya matso yana share hanci.

"Iya Zinariya, wannan ya fi duk wanda kika taɓa yi. Wallahi matar nan ta ba ni tausayi. Amma ba ki kai ƙarshe ba. Mijin ya je rijiyar ko bai je ba?"

Na ce, "Bai je ba, Haladu."

"Ash! Wawa ne."

"Wawa ne. Asama'u tun hantsi take zaune a rijiyar arewa tana jiran ka tashi. Ga ayarinsu can."

Ya juya ya kalli inda na nuna. Ya juyo ya kalle ni, ya kalli ƙwaryar da ke bayana. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye haka ba. Sai ya zura da gudu, ko takalmansa bai ɗauka ba.

Ya cim musu, haka aka ce mini, kafin su kai iyaka. Ilu ya tare shi da sanda. Ita ko juyowa ba ta yi ba. Daga baya ya je biko har garinsu, shi da kawunsa, suka kwana biyu a zaure ba ta fito ba. Kafin kaka aure ya mutu.

Ni kam ban yafe wa kaina ba. Shekara nawa ina jin daɗin tsugunensa, ina fariya da shi wurin sauran zabiyoyi, wata na can ruwa na zuba a kanta. Na hana a sake yin wasan nan ko da wasa. Wata uku ba mu ga Haladu ba, na ce to, ko banza ya warke.

Ranar wata kasuwar Gumel muna kafa zana, na ɗaga kai, ga shi. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu. Bai tsuguna a gaba ba, tsaye yake a gefe yana murza hula a hannu. Ya gaishe ni, na amsa da ƙyar.

"Iya Zinariya, alfarma na zo nema."

"Faɗi."

"Wasan nan na Maigatari. Ku sake yin sa, ko sau ɗaya ne."

"Don me, Haladu? Bai ishe ka ba?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Wannan karon zan tashi."

Na buɗe baki zan zage shi, zagin ya ƙi fita. Na koma bayan zana na zauna a kan kayan Ubale na yi ta kuka, har Barau ya leƙo ya ce jama'a sun taru.