Sifanar Usta Shenuda

Kwana uku suka rage a kawo mana sababbin jiragen yaƙin Amurka, titin saukar jirage na sansaninmu kuwa cike da tsakuwa. Kwamanda ya ce idan masu dubawa suka ga ko ɗaya, za a kai jiragen wani sansanin, ni kuma in koma ofis a Alkahira. Ni ne injiniyan da aka ɗora wa aikin.

Na tara makanikai na yi musu bayani. Bakin injin jirgin Amurka a ƙasa yake, tsakuwa ɗaya ya zuƙa an gama da shi. Dole kowace safiya a jera a tsince titi. Suka dubi Usta Shenuda, babban makanikinsu, wanda ya shekara talatin a ƙarƙashin jiragen Rasha. Ya kurɓi shayinsa, ya ce jirgin da ke tsoron tsakuwa amarya ce. Nasa ko a gona ya sauka zai tashi, guduma kuma ta ishe shi gyara.

Raina ya ɓaci. Na ce na Amurka yana hango maƙiyi tun nasa bai san an fito ba, ya fi shi iya juyi, matuƙinsa yana ganin ko'ina. Wannan sakacin ne ya hana mu ci gaba. Babu wanda ya motsa.

Amma akwai dokar da ko Usta ba ya takawa: idan kayan aiki ya ɓace, jirgi ba ya tashi sai an gan shi. Washegari na zare sifanarsa mai lamba goma sha biyu a ɓoye, na ce wataƙila a titi ta faɗi. Da kansa ya jera mutum arba'in kafaɗa da kafaɗa, ya ce duk abin da ido ya gani a ɗauke. Kafin azahar bokiti tara sun cika, titi ya yi fes.

Ina murna sai ya ja ni bayan tankar mai, ya miƙo hannu.

“Fito da ita, Injiniya. Tun safe take leƙowa daga aljihunka.”

Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba.

“Yarana ba za su sunkuya wa Amurka ba, ɗana, amma don sifanata za su sunkuya. Gobe ka ɗauki mai lamba goma sha huɗu, tana sama-sama a akwatin kayan aikina.”