Wankin Gwaggo

Wata biyu Auta ta yi tana hawa bishiyar ɓauren da ke bayan gidan gwaggonta, har tsani ya saba da ƙafarta. Digirinta na biyu kacokan ya rataya ne a kan wannan bishiya, da wasu ƙwari da ba su kai ƙwayar riɗi ba.

Ƙwarin iri biyu ne. Akwai mai aiki, wadda ke kutsawa ta ƴar kafar ɗan ɓaure ɗauke da garin fure, ta sa shi ya yi iri, ta yi ƙwai a ciki, ta mutu a nan. Akwai kuma ƴar cin banza mai dogon tsinke a baya, wadda ba ta kawo komai. Daga waje take huda fata, ta zuba ƙwanta, ta yi gaba. Wannan ta biyun ce Auta ke bibiya. So take ta gano ko ɓauren da ƴar cin banza kaɗai ta taɓa zai zauna a reshe ya nuna, ko bishiya za ta yar da shi.

Jakunkuna sittin ta ɗinka da yadin gidan sauro, ta ɗaure a kan ƴaƴan tun suna ƙanana. Wasu ta saka musu mai aiki, wasu ƴar cin banza, wasu duka biyun, ɗaya bayan ɗaya da bakin burushi, tana riƙe numfashi. Kowace jaka da lambarta.

Saura kwana huɗu ƙwarin su ƙyanƙyashe ta shigo gidan da safe, riƙe da kwalabenta na tara ƙwari. A igiyar shanya ta ga jakunkunan, a jere, fari tas, suna ɗigar ruwa.

"Gwaggo! Mene ne wannan?"

Gwaggo tana bakin famfo, hannu duk kumfa. "Ko gaisuwa babu? Tsummokaranki ne na wanke miki. Duk kashin tsuntsu, baƙi na zuwa suna kallonmu kamar gidan mahaukata."

"Ƴaƴan da ke ciki fa?"

"Waɗanda suka zubo na share. Sauran suna nan a jikin uwarsu, wa ya ci miki? Da ƙugiya na yi ta fama, har yanzu kafaɗata ba tawa ba ce."

Auta ta ciro jaka ɗaya. Sabulu ya cinye lambar. Ta ɗaga kai ta dubi bishiyar: ɓaure bila adadin, duk kamarsu ɗaya, ba ta iya nuna nata. Ga ƴan cin banza sun sauka a kansu suna huda son ransu.

"Gwaggo, ban ce kar a taɓa ba?"

"Cewa kika yi kar yara su taɓa. Ni yarinya ce?"

Auta ta kawar da kai. Matar nan ce ta goya ta. Ta ja tsani da ƙarfi har ya kankare bango, ta hau. Can ƙoli, inda ƙugiya ba ta kai ba, ta sami jakunkuna bakwai da suka tsira.

Daga kan reshen ta kira malaminta a waya.

"Bakwai?" in ji Farfesa. "Bakwai ba su isa a buɗe baki ba. Sai bishiyar ta sake haihuwa."

"Wata shida ke nan fa, Farfesa. Ƴan ajinmu duk za su gama."

"To ni zan ce wa bishiya ta yi sauri?"

Da kwana huɗun suka cika ta yanka ɓaure bakwai ɗin a ɗakin gwaji. Uku daga ciki na ƴar cin banza ne kaɗai, kuma biyu sun nuna lafiya lau, babu iri ko ƙwaya ɗaya, sai ƙwari danƙam suna ta fitowa. Abin da ta yi zato ke nan tun farko. Ga shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma tana kallo, amma ba ta da ikon rubuta shi. Ta kifa kai a tebur ta daɗe.

Da yamma ta koma ɗaukar tsaninta. Gwaggo ta fito da jakunkunan a ninke, an ɗaure su da zare, ta miƙa mata ba tare da ta dube ta ba.

"An ce sai kin sake daga farko."

"Eh."

"To wannan karon ki sayi yadi mai duhu. Fari ba ya ɓoye dauɗa."

Auta ta karɓa, ta saɓa tsani a kafaɗa, ta fita ko sallama ba ta yi ba.