Ranar da Aka Kwantar da Gwaggo

Gidan kafinta babu talabijin, kuma ba rashi ne ya hana ba. Tun haihuwar 'yarsu ta fari shi da matarsa suka yanke shawarar ba za su saya ba. Yayarsa, wadda yaran ke kira Gwaggo, abin ya daɗe yana ci mata rai. Wata Asabar ta riƙo hannun jikanta ta taho, da niyyar ta gaya wa ƙanen nata gaskiya.

Tun daga bakin ƙofa ta fara. "Kai dai ka cika taurin kai. Abokansu na hirar abin da suka kalla, naka su yi zuru kamar baƙi?"

Kafinta yana gyaran ƙafar wata kujera, ya ɗago yana murmushi. "Yaya, shiga ki huta tukuna. Sai dai ki bi a hankali, yau tsakar gidan asibiti ce."

Da gaske kuwa. An haɗa benci biyu an shimfiɗa zani, an rataye tsohuwar robar ruwa a igiyar shanya. Babbar 'yar ta zura farar rigar babanta har hannun ya rufe yatsunta, ita ce likita. Auta kuma nas ce, da guntun tiyo a wuya.

"Gwaggo, kina ɗingishi," in ji likita. "Kwanta."

"Ni? Ke, ki kiyaye ni!"

Amma gwiwarta na ciwo da gaske, sai ta kwanta. Auta ta ɗora mata tiyo a ƙirji, ta kasa kunne, ta ɓata fuska.

"Likita, zuciyarta faɗa take yi."

"Da wa?"

"Da Baba."

Gwaggo ta yi dariya har benci ya girgiza.

Jikan nata kuwa yana tsaye ya rasa abin yi. Ya leƙa falo, ya fito, ya tambayi inda rimot yake. Da aka ce babu, ya dawo yana jan zanin kakarsa. "Mu tafi gida, na gaji."

Gwaggo ta yunƙura za ta tashi, matar kafinta ta ce, "Bar shi, Yaya. Nawa ma haka suke yi kafin dabara ta zo musu."

Yaron ya yi ta zagaye yana shure ƙasa. Can ya tsaya gaban baron da ake kwashe garin katako da shi. Ya kama hannuwan, ya tura kaɗan, ya waiwayo.

"Asibitin nan ba ku da motar ɗauko marasa lafiya?"

"Direba muka rasa," in ji likita.

Shi ke nan. Jiniya ta cika gidan. Ya ɗauko guntun katako mai karaya, ya ɗauko kyanwa ta tsere masa, daga baya nas ɗin ma ta sume da gangan don a tura ta.

Da la'asar Gwaggo ta ce a tafi, yaro ya ƙi, wai yana bakin aiki. Sai da kafinta ya yi masa alkawarin ba wanda zai taɓa baron.

A bakin ƙofa ta gyara mayafi ta ce, "Ni fa talabijin ɗina tana nan, ba sayarwa zan yi ba."

"Ba wanda ya ce ki sayar, Yaya."

Ta riƙo hannun jikanta. "Asabar zan kawo shi tun safe."

Likita ta leƙo daga ciki. "Gwaggo, ranar Asabar wasan filin jirgi za mu yi. Kada ya makara."