Garkar Malam Zakari Cikin Ruwa

A hoton farko, dabinon ya fito da kai biyu. A na biyu, tudun da ke bayan tafkin ya karye a tsakiya kamar an sare shi da gatari. Wasila ta goge su, ta share fuskar wayar da gefen mayafinta, ta sake ɗaga ta.

"Baffa, don Allah ka tsayar da shi."

"Jirgi ba jaki ba ne, ɗiyata," in ji Sallau daga bayan kwalekwalen, yana danna gorarsa cikin ruwa. "Yau iska ke tuƙi."

Aikin ɗaukar foto ba baƙonta ba ne. A shagonta na unguwar Birni a Damagaram ta ɗauki amare da jarirai da masu neman katin ɗan ƙasa, duk mutanen da in ka ce su tsaya za su tsaya. Amma irin wannan hoton mai faɗi, wanda ake juya waya a hankali daga hagu zuwa dama har ta ɗinke wurin duka a jere, yana son ƙafa a kan ƙasa. A nan kuwa babu ƙasa. Tafkin Gidimuni ya yi ambaliya bana, ya haɗiye garake, har da ta mahaifinta.

Mahaifin nata, Malam Zakari, yana kwance a gidanta a Damagaram tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ranar da labarin ruwan ya iso masa, barci ya ƙaurace wa gidan. Ya ture kwanon fura. Sau da yawa an tsince shi a bakin ƙofa yana jan ƙafa, wai tasha za shi. An nuna masa hotunan da mutanen gari suka turo, ya kawar da kai, ya ce ruwa ko'ina ruwa ne. Shi yana son ya ga garkarsa daga kukar gabas har layin dabino, a hoto guda, ba yanke. Gani ya kori ji. Likita kuma ya ja Wasila gefe ya ce in hankalin tsohon bai kwanta ba, jinin zai sake hawa.

Shi ya sa ta hau motar safe. Jirgin da ta samu na ƙanen mahaifinta ne, Sallau, wanda shekaru ke nan ba sa ga maciji da juna saboda wannan layin dabinon da ya raba garakensu: kowa ya ce a gefensa yake. Da ta iso, Sallau bai tambayi jikin wansa ba. Ya saurare ta, ya kwance igiyar jirgi.

Ta sake gwadawa. Ta fara daga kukar, ta riƙe numfashi, tana bin 'yar kibiyar da ke tafiya a fuskar wayar. Ga ciyawar kacalla, ga saman shingen ƙaya yana leƙowa, ga ganyen rake a kwance bisa ruwa kamar gashin da ba a kitsa ba. Saura kaɗan ta kai dabinon, iska ta bugi jirgin, hancinsa ya juya. Hoton ya fito da rabin kuka, garkar kuma ta tsuke ta koma kamar tabarma.

Hadari yana haɗuwa daga gabas, baƙi ƙirin. Motar ƙarshe tana tashi bayan la'asar, cajin wayar kuma ya koma ja. Ta miƙe tsaye, jirgin ya yi tangal-tangal, ta zauna. Ta durƙusa, ta kafa gwiwar hannu a cinya. Ta roƙi Baffa ya zagaya ta kudu, suka zagaya. Ta ce su koma inda suke, suka koma. Duk inda ya kafa gorar, laka ce, sai ta sulluɓe jirgin ya ci gaba da tafiyarsa.

"Ki tura masa ko wanne mana," in ji Sallau. "Ai duk ruwan ne."

"Zai ce na haɗa masa ne don in ɓoye wani abu. Ka san halinsa."

"Na san shi."

Ya dubi hadarin. Can ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Yana cin abinci?"

"Ba ya ci, Baffa. Ya rame har zobensa yana faɗuwa."

Sallau ya shimfiɗa gorar cikin jirgi. Ya cire hularsa, ya tuɓe riga ya naɗe ta a kai. Kafin Wasila ta gane nufinsa, ya zura ƙafa ya sauka. Ruwan ya kai masa ƙirji. Ya laluba da ƙafa har ya samu wuri mai tauri, ya rungumi gefen jirgin da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"Ɗauki. Ki yi sauri, akwai sanyi."

Jirgin ya tsaya. Wasila ta fara daga kukar. Ta matse hannunta a jikinta, ta juya a hankali, a hankali, kibiyar tana tafiya bisa layinta, har dabinon ya shigo ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya kai musu ƙugu amma suna tsaye. Ta zarce kaɗan kafin ta saki. Hoton ya fito cikakke, kuma a can ƙarshensa ga kan Sallau da kafaɗunsa bisa ruwa, furfurar gemunsa a jiƙe.

Ta ɗaga wayar sama tana neman rezo, wato sabis, ta tura wa ƙanenta Khalid da ke jinyar tsohon. Ɗigon farko ya faɗo mata a goshi. Sallau bai saki jirgin ba, ba wanda kuma ya ce ya saki.

Wayar ta yi ƙara. Ta buɗe muryar wayar sosai don iska. Khalid ya ce, "Ga Baba," sannan aka ji numfashi mai nauyi, da harshen da ciwo ya karkatar.

"Dabinon yana nan."

"Yana nan, Baba."

"Wane ne wannan cikin ruwa?"

Wasila ta dubi baffanta. Shi kuwa ya zuba wa gefen jirgin ido.

"Baffa Sallau ne. Shi ya riƙe mini jirgin."

Ta duba wayar ko cajin ne ya ƙare. Ruwan sama ya fara fasa fuskar tafkin.

"Ce masa kada ya ja da baya," in ji Malam Zakari. "Akwai rijiya a bayansa."

Sallau ya share ruwa daga gemunsa da kafaɗa. Ya matso da bakinsa kusa da wayar, sai kuma ya fasa, ya dubi Wasila.

"Ce masa na san inda take. Ni na haƙa ta."

Duk da haka ya matsa gaba taku ɗaya, yana tura jirgin wajen gaɓa.