Ranar da Aka Tuhumi Aurenmu

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a zaure, sai mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a iyakar wata ƙasa, ni da matata Tabawa. A can bishiyoyi ne ke bin mutane da inuwa, kifaye kuma suna shan hantsi a kan katanga.

Tabawa ta yi atishawa sau uku, nan take aka ba ta katin zama 'yar ƙasa, kamar yadda dokarsu ta tanada. Ni kuwa na murza hanci har ya yi zafi, ko ɗaya ba ta zo ba. Aka ce ba zan zauna ba sai na tabbatar ni mijin 'yar ƙasa ne. In na kasa, za a sa ni a ambulan kamar wasiƙa a mayar da ni gida ni kaɗai.

Sai ga mu a ofishin shige da fice. Jami'in wani ƙadangare ne mai tabarau, kai kawai yake gyaɗawa, ba ka sanin ya yarda ne ko wuya ke damunsa. A gabanmu akwai wani saurayi da amaryarsa, wata buta 'yar ƙasa, waɗanda dillali ya haɗa da safiyar ranar a bakin ƙofa. Saurayin ya faɗi ranar haihuwarta da launin da take so, ya rungume ta yana kiranta rabin ransa. Aka buga masa hatimi. Na ce a raina, mu da muka shekara talatin da huɗu tare, ai wannan kamar shan ruwa ne.

"Baiwar Allah, yaya sunan mijinki?" in ji ƙadangare.

Tabawa ta ja mayafi ta rufe baki. "Malam mana. Ga shi nan kana ganinsa."

"Sunan ɗanku na fari fa?"

"Wannan kuma sai dai ka tambayi maƙwabta."

Ya juyo kaina, ya tambayi shekarunta. Na ce an dai haife ta shekarar da aka yi fara. Ya ce to mu riƙe hannu.

"A gaban mutane? Allah ya sawwaƙe!" in ji Tabawa.

"Auren bogi ne," ya ce. "Ko sunansa ba ta sani ba."

Wasu zabi biyu suka ninke ni gida huɗu kamar wanki, suka zura a ambulan. Ban ji zafi ba, amma tsoro ya kama ni, don ban san yadda ake zaman gida babu ita ba.

Tabawa ta miƙe ta ci ɗamara da mayafinta. "To, ku kai shi. Amma ku rubuta a bayan ambulan ɗin: kada a sa masa gishiri a miya, ko da ya rantse likita ya yafe. Kunu sai ya huce, don kullum sai ya ƙona harshe ya ce laifina ne. In ya fara neman hularsa, a duba kansa. In ya soma minshari, a juya shi hagu." Ta yi ta lissafi har biro ya ƙare, sannan ta ja tsaki. "Kai, wa ma zai iya da shi? Ku buɗe ku sa ni ciki."

Ƙadangare ya daina gyaɗa kai. "Tun da nake aikin nan," ya ce, "ban taɓa ganin matar haya ta nemi shiga ambulan ba."

Aka zaro ni, aka buga min hatimi a goshi. Zabi suka rangaɗa guɗa, buta ta yi ta kuka har ruwanta ya ƙare, bishiyoyi suka leƙo ta taga suna tafi. Ni ma na taka rawa da sauran lanƙwasa a bayana, daɗi kamar ya kashe ni.

Ƙarar faɗuwar murfin tukunya ce ta tashe ni. Tabawa na ta faɗa daga tsakar gida, wai na bar takalmi a hanya har ta yi tuntuɓe. Na gyara kwanciya, ban ce uffan ba, don kada ta daina.