Datar da Aka Sace wa Alhaji Lukuman

Alhaji Lukuman na Bilbis, mai fataucin masara, ba mutumin da ake tsoratawa ba ne. Sau biyu 'yan bindiga suna kama shi a hanyar Tsafe, sau biyu yana dawowa gida da ƙafafunsa. Bai taka ajin boko ba, amma da aka kawo manhajar Tsayamin, wadda ake biyan kuɗin ajiye mota da ita a kasuwar hatsi ta Gusau, shi ya riga kowa sa ta a waya.

Wata safiya saƙo ya shigo wa direbobi: ɓarayi sun kutsa manhajar, sun kwashe data. Kowa ya hau danne-danne.

"Tawa tana nan," in ji Mas'udu, direban babbar mota daga Bungudu.

"Ni ma ga wa'azi ina kallo," in ji Lukuman. "Ɓarawon da ya san ni ba ya taɓa min data!"

Ana cikin haka sai ga Shafa'atu, ma'aikaciyar kamfanin manhajar. Ba wanda ya aiko ta. An ce mata saƙo ya wadatar, ta ce bai wadatar ba, ta fito cikin rana tana bin motoci ɗaya bayan ɗaya. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, ba datar kallo ake nufi ba. Abin da ka ba mu ranar rajista ne: suna, lambar waya, lambar mota, da ranakun da kake ajiye ta, nan da Tsafe."

"To mi za su yi da sunana? Duk Zamfara an san shi."

"Wane suna ka bayar?"

Mas'udu ya tuntsire da dariya. "Alhaji Lukuman Mai Rumbu Arba'in! Ina wurin. Rumbu huɗu gare shi, ɗaya ma ɓera ya gama da shi."

Dariyar ba ta yi nisa ba. Lukuman ya tuna waɗanda suka kama shi: ba laluben duhu suka yi ba, sunansa suka kira tun kafin ya buɗe ƙofar mota. Ga shi gobe kasuwar Tsafe, kuma bai taɓa fashin zuwa ba.

Ya dubi yarinyar. "Ɗiyata, kin san za su iya korarki kan wanga yawo?"

"Na sani, Baba. Mahaifina ma hanyar nan yake bi."

Washegari motarsa ta yini a gida, lulluɓe da tamfol. Masara ta tafi a motar Mas'udu. Shi kuwa ya matsu a bayan motar haya tsakanin wata tsohuwa da kwandon kaji, kuma har Tsafe bai faɗa wa kowa ko shi wane ne ba. Da ciwo fa! Da bakinsa ya gaza haƙuri, sai ya juya ga tsohuwar.

"Inna, akwai wata yarinya a Gusau, Shafa'atu. Na ga maza a duniyar nan, amma irinta kaɗan ne."